Mutanen Hmong Da Miao: Ba Su Da Ƙasa, Amma Sun Yi Suna A Duniya

AKWAI wata al'umma a gabashin duniya wadda yawan mutanenta ya haura miliyan 13, amma ba ta da ƙasa tata ta kanta, ba ta da tuta, ba ta kuma da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. A ƙasar Sin ana kiransu Miao. A Lawos da Biyetnam da Tailan da Amurka da Faransa kuwa suna kiran kansu Hmong, ana furta sunan kusan kamar a ce "Mong". Mutanen kan duwatsu ne, manoman masara da shinkafar tudu, waɗanda har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 da wuya a sami mai karatu a yawancin ƙauyukansu.

To, amma daga cikin waɗannan mutane an sami marubucin da ake ƙirgawa cikin manyan marubutan ƙasar Sin, da mataimakiyar shugaban ƙasa, da magajiyar gari a Amurka, da alƙalai, da zakarun wasanni na duniya. Duk wanda ya bi labarinsu ɗaya bayan ɗaya zai tarar da abu biyu suna ta maimaituwa, watau riƙon dangi da ƙishirwar karatu. Da waɗannan biyu suka tsallake yaƙe-yaƙe da koguna, suka mai da sunan da a dā ake ɓoyewa ya zama abin faɗa a bainar jama'a.

SU WANE NE?

Bisa ga ƙidayar da aka yi a ƙasar Sin cikin shekarar 2020, mutanen Miao sun kai miliyan 11, kuma lardin Guizhou ne ya fi yawansu, sa'an nan Hunan da Yunnan. Sunan Miao na gwamnati ne, ya tattara ƙabilu da dama masu harsuna 'yan uwan juna, Hmong kuwa ɗaya ce daga cikinsu. A Sin mutane ba su ɗauki sunan a kan zagi ba. Amma a Lawos da Tailan, inda maƙwabta suka juya shi ya koma "Meo", kalma ce ta raini, shi ya sa waɗanda ke wajen Sin ba su son a kira su da komai sai Hmong.

Zamansu da sarakunan Sin na dā bai yi daɗi ba. A zamanin daular Ming har ganuwa aka gina a yammacin Hunan domin a raba su da sauran jama'a. Sun yi tawaye a 1795 saboda ƙwace musu gonaki, suka kuma yi wani mafi girma a Guizhou daga 1854 zuwa 1873, wanda aka kama babban jagoransa Zhang Xiumei aka kashe a 1872. Irin waɗannan yaƙe-yaƙe da matsin haraji su suka tura da yawa daga cikinsu kudu, suka hau duwatsun Biyetnam da Lawos da Tailan da Bama, inda ba wanda ke sha'awar zama. A yau akwai fiye da miliyan ɗaya a Biyetnam, akwai fiye da rabin miliyan a Lawos.

Abin da ya hana su ɓacewa cikin wannan yawo shi ne tsarin zuriya. Hmong na ƙasashen kudu da na ƙetare sun kasu zuriya 18, irin su Vang da Lee da Yang da Moua da Xiong da Thao da Her. Mutum ba ya auren mai sunan zuriyarsa ko da ba su taɓa haɗa kaka ba. In kuwa baƙo ya sauka gari ya faɗi sunan zuriyarsa, to, masu wannan suna su ne za su ba shi masauki, su tsaya masa in ya shiga rigima, su yi masa sutura in ya mutu.

LITTAFIN DA YA ƁATA

Tsofaffin Hmong suna da wani labari da suke gaya wa jikoki. Suka ce wai a dā can suna da rubutu nasu, amma sa'ad da ake korarsu littattafan suka faɗa cikin kogi, wasu kuma suka ce dawaki ne suka cinye su. Wai mata ne suka ɓoye sauran haruffan cikin ɗinkin ado na tufafinsu, wanda suke kira paj ntaub. Ko labarin ya auku ko bai auku ba, ya nuna yadda rashin rubutu ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya, domin mai takarda shi ke yanka musu haraji, shi ke kuma ƙwace gona.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da suke girmama wani manomi mai suna Shong Lue Yang, wanda aka haifa a 1929. Bai taɓa shiga makaranta ba, bai iya karatun kowane harshe ba. A shekarar 1959 ya fito da haruffa sababbi na rubuta harshen Hmong, ya ce ta hanyar wahayi ya same su, aka sa musu suna Pahawh. Ya yi ta gyara su yana koya wa jama'a, har mabiyansa suka yi masa laƙabi da Uwar Rubutu. Amma lokacin yaƙi ne, kuma duk wanda ya tara jama'a abin tsoro ne. 'Yan gurguzu suka zarge shi, ɓangaren gwamnati ma ya zarge shi har ya tsare shi, daga ƙarshe 'yan bindiga suka kashe shi cikin watan Fabrairu na 1971. Haruffansa ba su mutu ba, a 2014 aka shigar da su cikin tsarin haruffan kwamfuta na duniya.

Rubutun da ya fi yaɗuwa kuwa shi ne na boko, wanda wasu 'yan mishan uku, William Smalley da Linwood Barney da Fada Yves Bertrais, suka tsara tare da mutanen Hmong a Lawos a farkon shekarun 1950. Da yake harshen yana da karin sauti iri-iri, sai aka riƙa nuna karin da harafin ƙarshe, wanda ba a furtawa. Shi ya sa su da kansu suke rubuta sunansu "Hmoob". Da wannan rubutu dangin da suka watse suka riƙa aika wa juna wasiƙa daga nahiya zuwa nahiya.

A ƘASAR SIN

A garin Fenghuang na yammacin Hunan, kusa da waccan ganuwa, aka haifi Shen Congwen a 1902. Kakarsa ta wajen uba 'yar Miao ce, amma gidansu ya ɓoye wannan magana, domin a wancan zamani jinin Miao abin kunya ne, yana iya toshe wa yaro hanyar muƙami. Karatunsa na makaranta bai wuce firamare ba, ya shiga soja tun yana ɗan saurayi, sa'an nan ya tafi Bejin ya koya wa kansa rubutu. Labaransa na mutanen kogi da masu fito da sojojin ƙauye, musamman littafinsa na 1934 a kan wani garin kan iyaka, su suka sanar da masu karatu na birane yadda ake zama a ƙasar Miao. Bayan 1949 'yan gurguzu suka tsangwame shi, ya daina rubuta ƙagaggun labarai, ya koma aiki a gidan ajiye kayan tarihi. Can ma bai zauna banza ba, ya rubuta babban littafi a kan tufafin mutanen Sin na dā, aka buga a 1981. Ya rasu cikin watan Mayu na 1988, daga baya wani daga cikin masu zaɓen kyautar Nobel ya bayyana cewa da ya yi 'yan watanni a gaba da shi za a ba.

A lardin Yunnan kuma akwai Wang Zhiming, limamin Kirista ɗan Miao, wanda aka kashe a gaban taron jama'a a ƙarshen 1973, lokacin hargitsin juyin al'adu. A 1998 aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar babbar majami'ar Westminster da ke Landan, cikin mutum goma na ƙarni na 20 da aka kashe saboda addininsu.

Zamani ya juya. A bikin rufe wasannin Olamfik na Bejin a 2008, mawaƙiyar da ta tsaya kusa da shahararren mawaƙin nan na Sifen, Plácido Domingo, 'yar Miao ce daga wani ƙauyen Hunan, sunanta Song Zuying. Ta yi wasa a manyan ɗakunan waƙa na Sidni da Washintan, sau da yawa cikin tufafin Miao da kambin azurfa a ka. A wasannin nan dai wani yaro ɗan Miao mai shekara 17, Long Qingquan, ya ci lambar zinariya a ɗaga ƙarfe, ajin masu nauyin kilo 56. Ya sake cin ta a Riyo a 2016, inda ya ɗaga kilo 307 a jimla, nauyin da ba wanda ya taɓa kaiwa a ajin. Haka kuma Xiong Chaozhong na Yunnan, wanda ya fara neman abinci da turin kwal a ramin haƙa, shi ne namiji na farko daga Sin da ya riƙe babban kambin duniya a damben zamani na 'yan kuɗi. Ya ci shi a birnin Kunming cikin watan Nuwamba na 2012.

YAƘIN ƁOYE NA LAWOS

Labarin waɗanda suka yi kudu ya fi ɗaci. Tun zamanin mulkin Faransa gaba ta shiga tsakanin manyan gidaje biyu na Hmong a Lawos. Touby Lyfoung, wanda ya yi karatun boko har ya zama minista, ya bi Faransa da gidan sarauta. Faydang Lobliayao kuwa ya bi 'yan gurguzu. Ta haka yaƙin manyan ƙasashe ya tarar da Hmong a rabe, ɗan'uwa na harbin ɗan'uwa.

A farkon shekarun 1960 hukumar leƙen asiri ta Amurka, watau CIA, ta nemi wanda zai tare mata 'yan gurguzu a duwatsun Lawos ba tare da duniya ta sani ba. Ta sami wani hafsan soja ɗan Hmong, Vang Pao, wanda daga baya ya kai muƙamin Manjo-Janar. Ya tara dubban mayaƙa, ya kafa hedkwata a kwarin Long Tieng. Su ke gadin na'urorin Amurka a kan duwatsu, su ke ceto matuƙan jiragen da aka harbo. Daga cikinsu aka sami Lee Lue, malamin makaranta da ya koma matuƙin jirgin yaƙi, ya yi ta kai hari ba hutu har aka harbo shi a 1969. Tsakanin 1964 da 1973 Amurka ta zuba wa Lawos bama-bamai fiye da tan miliyan 2, kuma lardin Xieng Khouang, cibiyar Hmong, yana cikin waɗanda suka fi shan wuta. Waɗanda ba su fashe ba har yanzu suna halaka manoma da yara. Maza suka ƙare har aka koma ɗaukar yara aikin soja.

Cikin watan Mayu na 1975 komai ya rushe. Jirage suka kwashe Vang Pao da mutum wajen 2,500 daga Long Tieng, aka bar sauran a filin jirgi suna kallon sama. Cikin shekarun da suka biyo baya fiye da mutum 100,000 suka ratsa daji da ƙafa, suka tsallake kogin Mekong da dare a kan gora, suka faɗa sansanonin 'yan gudun hijira na Tailan, wanda mafi girmansu shi ne Ban Vinai. Touby Lyfoung bai gudu ba, ya mutu a sansanin horo na sabuwar gwamnati a 1979. Sai a 1997 aka kafa musu dutsen tunawa a maƙabartar sojoji ta Arlington a Amurka.

Vang Pao ya rasu a Kalifoniya a 2011. Da yawa suna ɗaukarsa uba wanda ya fid da su daga duhu, domin a zamaninsa makarantu suka yawaita a ƙauyukan Hmong. Wasu kuwa ba su yafe masa jinin da ya zuba ba, an kuma daɗe ana zarginsa da hannu a cinikin ƙwayar sa maye. A 2007 gwamnatin Amurka ta kama shi bisa tuhumar shirya juyin mulki a Lawos, ta janye tuhumar a 2009.

Ba duka ne suka gudu ba. Pany Yathotou, wadda aka haifa a Xieng Khouang a 1951, ta karanta harkar kuɗi, ta zama Gwamnar Babban Bankin Lawos, ta shugabanci Majalisar Ƙasa daga 2010 zuwa 2021, sa'an nan a shekarar ta 2021 aka naɗa ta mataimakiyar shugaban ƙasa.

SABUWAR ƘASA

Daga sansanonin Tailan aka rarraba su. A 1977 Faransa ta kai wasu ɗaruruwa yankinta na Giyana da ke Amurka ta Kudu, da taimakon Fada Bertrais ɗin nan da ya tsara musu rubutu. Aka ajiye su a wani kurmi mai suna Cacao, inda mutanen wurin suka ce ba abin da zai yiwu. Suka sare daji da hannu, suka kafa ƙauye na biyu a Javouhey a 1979. Ko da yake su 'yan kaɗan ne a yankin, yawancin kayan lambu da 'ya'yan itatuwan da ake nomawa can daga gonakinsu suke fitowa. Ɗan hakin da aka raina ke nan.

Mafi yawa sun tafi Amurka, inda yanzu suka haura 300,000, galibi a jihohin Kalifoniya da Minisota da Wiskonsin. Sun isa ba Turanci, ba sana'ar birni, ga sanyin da ba su taɓa gani ba. Aka watsa su gari-gari, amma ba a daɗe ba suka bi sawun zuriya suka tattaru, har birnin St. Paul na Minisota ya zama babbar cibiyarsu. Iyaye suka shiga aikin masana'anta da noman lambu, suka tura yara makaranta. Suna da abin koyi, domin tun a 1972 Yang Dao ya sami digirin dakta a Faris, shi ne ɗan Hmong na Lawos na farko da ya kai nan.

Ba a yi shekara 20 ba aka fara ganin amfanin shukar. A 1991 aka zaɓi Choua Lee cikin hukumar makarantun St. Paul, ita ce ta farko a cikinsu da ta ci zaɓe a Amurka. Mee Moua, wadda aka haifa a Lawos a 1969 ta isa Amurka a 1978, ta zama lauya, ta kuma shiga Majalisar Dattijai ta Jihar Minisota a 2002. Paul Lo ya zama alƙali a Kalifoniya, Sophia Vuelo ta zama alƙaliya a Minisota a 2017. Cikin watan Nuwamba na 2025 mutanen St. Paul suka zaɓi Kaohly Her, wadda aka haifa a Lawos, ta zama magajiyar gari, mace ta farko kuma 'yar Hmong ta farko a wannan kujera. Mai karatu zai lura da yawan mata a jerin nan, alhali kuwa a ƙauyukan dā 'ya mace ba ta da murya a taron zuriya.

Siyasa dai ba ta rasa tuntuɓe. Sheng Thao ta ci zaɓen magajiyar garin Oakland a 2022, amma a 2024 jama'a suka sauke ta da ƙuri'ar kiranye, a farkon 2025 kuma aka gurfanar da ita bisa tuhumar cin hanci, ta ce ba ta aikata ba.

Jikokin waɗanda littafinsu ya faɗa kogi su ma sun kama alƙalami. Kao Kalia Yang, wadda aka haifa a sansanin Ban Vinai a 1980, ta rubuta tarihin kakarta da gudun hijirar gidansu, aka buga a 2008. Mai Der Vang, marubuciyar waƙoƙi daga Fresno, ta kai matakin ƙarshe na kyautar Pulitzer a 2022.

YARINYAR DA TA SA DUNIYA TA TAMBAYA

Wadda ta fi kowa sa mutane tambayar su wane ne Hmong ita ce Sunisa Lee, 'yar St. Paul, wadda aka haifa a 2003. Wasanta shi ne na alkafura da lanƙwasa jiki, wasa mai cin kuɗi. Da gidansu ba su da halin sayen siririn katakon da ake tsalle a kai, sai uban da ya rene ta ya haɗa mata ɗaya a bayan gida, dangi kuma suka riƙa tara kuɗin tafiye-tafiyenta. A 2019, saura 'yan kwanaki gasar ƙasa, uban ya faɗo daga sama yana taya wani sarar itace, ƙafafunsa suka shanye. Ta je ta yi gasar haka nan. Ranar 29 ga Yuli, 2021, a wasannin Olamfik na Tokiyo, ta ci lambar zinariya ta gwanar gwanaye, ta haɗa da azurfa da tagulla. A 2023 ciwon ƙoda ya kwantar da ita har aka zaci ta gama, sai ga ta a Faris a 2024 ta ƙara zinariya ɗaya ta ƙungiya da tagulla biyu. Lambobi shida ke nan.

ABIN DA YA RAGE

Duk da wannan ɗaukaka, dattawan Hmong ba su kwanta da ido biyu rufe ba. Makarantar da ta ɗaga 'ya'yansu ita ce kuma take janye su daga harshen gida. Jikoki da yawa a Amurka da Faransa suna jin Hmong sama-sama, ba su iya mai da amsa. Abin ya fi tsanani wajen jana'iza, wadda a al'adarsu takan ɗauki kwanaki ana busa wani abin busa na gora mai suna qeej, ana rera wa mamaci hanyar da zai bi ya koma wurin kakanni, ana lissafa masa duk garuruwan da ya taɓa zama. Wannan ilimi a ka yake, sai an zauna gaban malami shekara da shekaru, masu zaman kuwa suna raguwa.

Har ila yau ba kowa ne ya tsira ba. A ƙarshen 2009 Tailan ta mai da fiye da mutum 4,000 Lawos ala tilas, kuma a duwatsun Biyetnam da Lawos Hmong suna cikin waɗanda talauci ya fi dannewa.

Su ma dai ba su naɗe hannu ba. A 2004 aka buɗe cibiyar nazarin al'amuran Hmong a Jami'ar Concordia ta St. Paul, akwai kuma makarantun firamare a birnin da ake koyarwa da Hmong da Turanci tare. A ƙarshen kowace shekara dubban mutane kan taru a Fresno domin bikin sabuwar shekararsu, 'yan mata da samari su jeru suna jefa wa juna ƙwallon ƙyalle kamar yadda ake yi a duwatsun Lawos da Guizhou. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutanen nan an raba su da gida sau biyu cikin ƙarni biyu, suka ɗauko abin da ya ɗauku a ka suka taho da shi. Ko zai kai ga jikokin Sunisa Lee da Kaohly Her, wannan ya rataya ne a kan yaran da ke zaune cikin waɗannan azuzuwa a yau, suna koyon rubuta sunan kakanninsu.